Ciwon Ido Mai Naci: Muhimmancin Gano Asalinsa Kafin Magani

Duk wanda ya zaga kasuwar Jega ranar Juma'a, ko fadamun albasa na Aliero, ko gonakin Maiyama lokacin hunturu, ba zai rasa ganin masu jajayen idanu ba. Akasari akan ɗora laifin a kan ƙura ko Afolo, a sayi maganin ɗigawa a kemis. To amma Afolo, wadda ta ɓulla a Gana cikin 1969, takan warke cikin mako ɗaya ko biyu. Ciwon da ya kai wata uku yana tafiya yana dawowa, lalle akwai wani dalili a ƙarƙashinsa.

Cututtuka da dama sukan zo da kama ɗaya. Amosanin ido ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, ƙudaje da hannaye marasa tsabta ke yaɗa shi, in ya tsananta gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido. Akwai ƙaiƙayin ido na yara, wanda kan mai da farin ido ruwan ƙasa. Sa'an nan akwai wata da ba a cika tunawa da ita ba, wato rozeshiya.

Rozeshiya kumburi ce ta fatar fuska wadda ba a ɗaukarta daga wani. A jikin Bature takan bayyana da jan kumatu da hanci, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai ƙuraje da zafin fuska, don haka sau da yawa takan ɓoye wa mai dubawa. Kusan rabin masu ita takan taɓa musu ido, wasu ma idon ke fara ciwo kafin fuskar.

Ga yadda abin yake faruwa. A gefen kowace fatar ido akwai 'yan ƙananan jakunkunan mai, kimanin 20 zuwa 40, waɗanda Bajamushe Heinrich Meibom ya bayyana a 1666. Man da suke fitarwa shi ke rufe hawaye don kada ya bushe da wuri. Rozeshiya takan daskarar da man ta toshe ƙofofinsa, sai mutum ya ji kamar an zuba masa yashi, ga raɗaɗi, ga gudun haske, ga ƙurji a fatar ido a kai a kai. Zafin rana da yaji da shayi mai zafi sukan tayar da ita.

Hatsarin maganin kai-da-kai babba ne. Maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid yakan kwantar da jan nan take, amma daɗewa a kansa na iya jawo yanar ido ko hawan jinin ido, kuma ganin da wannan na biyun ya ɗauke ba ya dawowa.

Likitan ido yakan juya fatar ido ya duba cikinta, ya matsa gefenta ya ga irin man da ke fita, ya ɗiga rini mai ruwan ɗorawa ya auna daƙiƙun da hawaye ke yi kafin ya tsinke. Ƙasa da daƙiƙa 10 alama ce ta matsala. Wajibi ne majiyyaci ya tafi da duk kwalaben da ya yi amfani da su, ya kuma faɗi tarihin ƙurajen fuskarsa. Daga asibitin gari ana iya tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Rozeshiya ba ta warkewa ɗungurungum, amma ana shawo kanta da gasa fatar ido da tsumma mai ɗumi, da wanke gefenta kullum, da ƙwayar doxycycline bisa umarnin likita, ban da mai juna biyu da yaro ƙasa da shekara 8. In an bar ta, tana iya yi wa baƙin ido tabo. Saboda haka, mai karatu, idan ciwon idonka ya haura mako biyu, ajiye kwalbar kemis ka nufi asibiti.