Shayi da Burodi ko Koko da Ƙosai?

Wani mai sauraronmu daga Tsafe, wanda ke sammako zuwa rumfarsa a kasuwar Gusau, ya rubuto yana cewa kullum a teburin mai shayi yake karyawa, amma kafin azahar yunwa ta dawo, ga kuɗi sun tafi. Yana tambaya, shin cutarsa ake yi?

To Malam, ba lallai ba ne mai shayin yana cutarka. Ganyen shayi ba ya ƙosarwa, wartsake mutum kawai yake yi. Abin da kake biya sukari ne da madara da burodi. Shi kuwa burodi da alkama ake yinsa, kuma mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, shi ya sa da darajar Naira ta faɗi a 2023 kuɗinsa ya yi sama. Gero da wake kuwa a gonakinku na Tsafe da Bungudu ake noma su, kuma ƙosai ya fi farin burodi riƙe ciki, don wake na da sinadarin gina jiki.

In ba ka iya rabuwa da teburin, ai mun sani can ake jin farashin hatsi, to ka ce a rage madara da Bournvita, a soya maka ƙwai da kuɗin. Ka tambayi kuɗin komai kafin a haɗa, don cokali-cokali ake lissafi. Ƙosan kuwa saye shi wajen mai tuya, ka zo da abinka teburin, ba mai hana ka.