Dashen gashi ga mai babban sanƙo: Kafin ka zaɓi hanya, a fara duba ƙeyarka

Kwanakin baya wani magidanci ya shigo kantin maganin da nake aiki a Sabon Wuse, kusa da Suleja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Ya karɓi maganin hawan jininsa, amma bai tafi ba. Sai da mutane suka ragu ya cire hula, ya miƙo mini waya. Tallan wani asibitin dashen gashi ne a Istanbul ta ƙasar Turkiyya. Ya ce, "Hajiya, don Allah tsakanin FUE da FUT wanne ya fi?" Na ce, "Alhaji, juya in ga ƙeyarka tukuna."

Mai karatu, idan sanƙonka ya cinye gaban kai da tsakiya, ya bar maka gashi a gefe da ƙeya kawai, amsar da zan fara ba ka ke nan kai ma.

Dashe ba ya ƙirƙirar sabon gashi. Gashinka ne ake cirowa daga ƙeya a mayar gaba, kamar yadda mai lambu yake cire albasa daga wurin raino ya dasa a fili. Bambancin kawai shi ne, inda aka cire saiwar gashi ba ta sake tsirowa har abada. Sanƙon maza yana zuwa ne daga gado da kuma wani sinadarin jiki mai suna DHT, wanda ke ƙanƙantar da saiwar gashi a hankali. Gashin ƙeya da gefen kai bai cika jin wannan sinadari ba, kuma yana tafiya da wannan hali duk inda aka dasa shi. Wani likitan fata a Amurka, Norman Orentreich, ya wallafa bayanin haka a 1959, kuma a kansa aka gina aikin gaba ɗaya.

Likitoci suna auna sanƙo da ma'aunin Norwood na 1975, mai mataki 7. A mataki na 6 da na 7 filin da ya buɗe yakan kai murabba'in santimita 200 ko fiye. Ko tsiro 30 kacal aka dasa a kowane murabba'in santimita, wanda bai kai cikar gashin asali ba, ana buƙatar tsiro 6,000, kowanne ɗauke da silin gashi 1 zuwa 4. Ga mutane da yawa, wannan kusan shi ne duk abin da ƙeya za ta iya bayarwa a tsawon rayuwa. Shi ya sa likitan kirki zai ce a cika gaban kai, a bar tsakiya da ɗan sauƙi ko a ƙyale ta. Duk wanda ya yi maka alkawarin sumar da kake da ita kana ɗan shekara 20, kuɗinka yake so.

A hanyar FUT, ana yanko siririyar fata daga ƙeya, daga wajen wannan kunne zuwa wancan, faɗinta kamar santimita 1 zuwa 1.5, a ɗinke wurin, sannan a rarraba saiwoyin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Amfaninta ga mai babban sanƙo shi ne ana samun tsiro da yawa a zama ɗaya, duka daga tsakiyar ƙeya inda gashi ya fi ƙarko. Farashinta tabo ne dogo kamar an ja layi. Suma za ta rufe shi, amma ka tuna yadda mazanmu suke aski. Idan kai mai yin tal-kwabo ne duk mako, ko za ka aske kai bayan Umara, layin zai fito fili.

A hanyar FUE, wadda ta bazu bayan 2002, ba a yanka fata. Ana amfani da ɗan ƙarfe mai rami, faɗinsa kusan milimita 1, a ciro saiwoyi ɗaya bayan ɗaya. Ba ɗinki, wurin yana saurin warkewa, tabon kuma ƙananan ɗige-ɗige ne. Masu talla sukan ce babu tabo sam, wanda ba gaskiya ba ne. Matsalarta ga mai babban sanƙo ita ce, don a tara dubban tsiro sai an bazu har gefen da shi ma zai iya zubewa nan gaba. Idan aka yi haɗama, ƙeya takan koma tsalli-tsalli kamar gonar da fara ta ci, kuma wannan ba shi da gyara. Wasu likitocin sukan haɗa hanyoyin biyu, su fara da FUT, daga baya su ƙara da FUE, wani lokaci har da gashin gemu. Ita kuwa DHI da ake yawan tallatawa, FUE ce, abin dasawar ne kawai ya bambanta.

Akwai abu biyu da tallan waya ba ya faɗa wa baƙar fata. Na farko, gashinmu ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, saiwarsa ma a lanƙwashe take cikin fata. Miƙaƙƙen ƙarfen FUE yana iya datse ta idan hannun mai aikin bai saba da irin gashinmu ba, kuma duk saiwar da ta lalace asara ce daga ɗan abin da ya rage maka. Sai dai murɗaɗɗen gashi ya fi rufe fata, don haka tsiro kaɗan kan yi aikin da yawa. Na biyu, fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu wanda ke ci gaba da girma bayan ciwo ya warke. Duba jikinka. Idan tsaga, ƙaho ko wani tsohon rauni ya bar maka irin wannan tudu, ko kana da ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeya bayan aski, to batun ba na FUT ko FUE ba ne. Wataƙila dashen ma bai dace da kai ba. Likita mai hankali zai nemi a gwada 'yan tsiro kaɗan, a jira watanni a ga yadda fata ta warke.

Ta ɓangarenmu na magani, biyu ne aka fi sani: minoxidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da ƙwayar finasteride mai miligiram 1, a 1997. Ba za su dawo da gashi a fatar da ta riga ta yi sumul ba, amma suna riƙe wanda ya rage, kuma da an daina sai zuba ta dawo. Finasteride na iya rage sha'awa ga wasu maza kaɗan, yana kuma rage sakamakon gwajin PSA na prostet da kusan rabi, saboda haka ka gaya wa likitanka kana sha. Uwargida, idan kina da juna biyu kada ki taɓa ƙwayar da ta fashe. A duba lambar NAFDAC a kwali. Mai ciwon suga ko hawan jini sai sun daidaita kafin aiki, mai shan asfirin ko maganin tsinka jini kuma kada ya daina da kansa.

Ko a Abuja za ka yi, ko Legas, ko Istanbul, ka tambayi wanda zai riƙe ƙarfen, likita ne ko yaran aiki. A gida ka tabbatar yana da rajista da Hukumar MDCN. Ka nemi hotunan masu irin gashinka da irin sanƙonka, shekara guda bayan aiki, har da hoton ƙeyarsu. Ka kuma tambayi wanda zai duba ka idan wurin ya yi ruwa bayan ka dawo gida. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, sabo ya fara fitowa wajen wata na 3 ko na 4, sakamako kuma sai an shekara. Hula mai matse kai za ta huta na kusan kwana 10.

Shi Alhaji, da ya juya, na ga ƙuraje masu tauri jere a ƙasan ƙeyarsa, biyu sun fara haɗewa. Na ce ya ajiye batun tikitin jirgi, ya fara ganin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ya kuma ce wa mai askinsa ya daina kankare wurin da reza.