Injin Matso Roba: Araha Ba Ta Ado

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, akasarin aikin sarrafa roba a ƙasar nan ya koma hannun ƙananan masana'antu. Shin wane injin matso roba ya dace da su?

Iri biyu suka fi shahara. Na farko yana cin roba da zafinta. Sukurunsa gajere ne, don haka sai an fara murza robar a wani inji daban ta yi laushi kafin a ɗura masa. Na biyu kuwa da sanyinta yake karɓar ta, domin tsawon sukurunsa kan ninka kaurinsa sau 12 zuwa 20, shi ke murza ta da kansa kafin ya matso ta a siffar tiyo ko bayan taya.

Babu shakka na farkon ya fi araha. To amma wajibi ne mai dogaro da janareta ya lissafa man da injin murzar zai sha, da albashin masu kula da shi, kafin ya zuba jarinsa.