Lalle: Shinge Mai Fure

'Yan'uwa manoma na Gwandu da Kalgo, kowace shekara bayan kaka mukan sa kara mu yi danga kewaye da gidajenmu da filin majami'a, kafin damina ta wuce gara ta cinye, iska ta kwantar da saura. Shawararmu ita ce ƙungiyoyi su dasa lalle a maimakon wannan wahala.

Kowa ya san garin lalle a hannun mata, amma ba kowa ya san itacen ba. Ganyensa ƙanana ne, biyu-biyu suna fuskantar juna. In reshe ya tsufa, bakinsa yakan zama ƙaya. Furensa fari ne, cunkus a kan reshe, da ƙamshi mai ƙarfi. 'Ya'yan kuwa kamar ƙwayar wake suke, cike da iri.

A lura ƙwarai da wannan, gama akwai wani itacen ado da ake kawowa daga birni, oliyanda, mai dogon ganye kamar mashi da jan fure. Yana da kyau, ba musu. Amma dafi ne tun daga saiwa har fure, busasshen ganyensa ma yakan kashe akuya ko saniya. Gidan da ke da dabbobi da yara ƙanana ba wurinsa ba ne.

Irin lalle yana da taurin baya. A jiƙa shi kwana 5 zuwa 7, ana sake ruwan kullum, sa'an nan a yafa a kwami kusa da rijiya. Wanda ke gaggawa ya yanko reshe mai kaurin yatsa ya kafa. Dashe sai a watan Yuli, lokacin da ƙasa ta sha ruwa, tsakanin kowane tushe da ɗan'uwansa kamu ɗaya. A shekarar fari a kewaye da ƙaya saboda awaki, a riƙa datse kai domin ya yi rassa daga ƙasa.

Gaskiya ɗaya: a kan tudu, in ba a ba shi ruwa da bazara ba, zai zubar da ganye. A bakin fadama ko inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, kore yakan zauna shekara duka.

Daga shekara ta 2 ana iya yankan ganye. A shanya a inuwa, gama rana takan ɓata launinsa, kuɗinsa ya faɗi. A garin Sojat na ƙasar Indiya, inda fari bai fi namu sauƙi ba, lalle ne babban abin da manoma ke sayarwa. Ƙungiyar da ta tara nata wuri guda za ta iya kai shi kasuwar Jega da buhu, ba da mudu ba.