Fedar da ke Suma da Dare

Da rana lafiyarta ƙalau. A ɗakin atisaye makaɗin jitar yana taka ta yadda ya ga dama, tana sauya masa sauti ba gardama. Amma da an hau dandamali da dare, ana tsakiyar waƙa sai fitilunta su ɗauke, ta farfaɗo daga lamba ta ɗaya kamar yanzu aka kunna ta. A 'yan daƙiƙun nan ko ya taka ba ta amsawa, jitar ta maƙale a sautin baya, sauran makaɗa suna ta hararar sa.

"Maigida, ni dai a ganina fedar nan ta gama yawo," in ji shi da ya kawo mini kayan shago.

Akwatin sarrafa sautin yana zama can baya kusa da amfilifaya, fedar tana bakin dandamali, waya ɗaya tal ta haɗa su, ta MIDI mai ƙafa bakwai. Adaftar fedar a bayan akwatin ake soka ta, wutar ta biyo wannan wayar, kuma ita ce masu sana'ar ke kira wutar fantom. Mai kula da mikisa ya taɓa danna maɓallin bolt 48 da niyyar taimako. Waccan wutar makirufo ce, ba ta ko bi ta hanyar fedar.

Na fara da wadda ake zargi. Na zare adaftar daga akwatin na soka ta kai tsaye a jikin fedar, muka yi ta taka ta har yaron ya gaji, ko gezau. Na duba rubutun jikin adaftar, bolt 9 ce ta AC, daidai da abin da fedar ke nema. Wannan dubawa ba wasa ba ce, don bakin adaftar AC da na DC sukan zo iri ɗaya, kuma musanya su kan ƙona kaya.

Saura waya. Ya ciro wata gajeriya daga jakarsa muka gwada, sai fedar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Da muka ba ta adaftarta kai tsaye kuwa, saƙo ya riƙa wucewa ta gajeriyar sumul. Na kwance kanta: ƙafa biyar a waje, silin waya uku kacal a ciki. Kai mai ƙafa biyar yana shiga soket mai rami bakwai daram, shi ya sa mutane ke ruɗewa.

Ba ha'inci ba ne. Da aka fito da tsarin MIDI a 1983, ƙafa ta 4 da ta 5 aka ba aikin ɗaukar saƙo, ta 2 ta riƙe rigar kariya, ta 1 da ta 3 aka bar su ba aiki. Ba a tanadi wutar ciyar da feda ba. Kamfanoni ne daga baya kowa ya ɓullo da tasa dabarar: Voodoo Lab ya ɗora wuta a kan ƙafa ta 1 da ta 3, Rocktron da Fractal Audio suka bi ta ƙafa ta 6 da ta 7. Ke nan saƙo da wuta hanyarsu daban, ɗaya na iya tafiya lafiya ɗayar tana rarrafe.

Na koma kan doguwar wayar, mai mita 15, wanda shi ne iyakar tsawon da tsarin MIDI ya yarda da shi. Na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da na'urar gwaji, duk bakwai suka yi ƙara. Na lanƙwasa wuyan kan ko da sili ya tsinke a ciki, shiru. Na auna wuta a ƙarshenta, bolt 9 har da 'yan kai. Feda lafiya, adafta lafiya, waya lafiya, amma ga ciwo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne awon nan na ƙarshe, don na yi shi ne fedar ba ta jone. Na'urar gwaji kusan ba ta jan komai. Siririn tiyo ma in ka toshe bakinsa za ka ji ƙarfin ruwa cif, sai ka saki ka ga ɗan tsirarin da yake iya kawowa. Na buɗe bayan fedar, na ɗora tsinkayen awo a kan ƙafa ta 6 da ta 7 tana kunne. Wutar ta zube ƙasa da bolt 7.

Lissafin ba wuya. Silin da ke cikin irin wannan waya siriri ne, an yi shi don saƙon da bai wuce miliamfiya 5 ba. In geji 28 ne, kowace mita tana da turjiyar kusan om 0.2. Zuwa da dawowa mita 30 ke nan, wajen om 6. Feda mai allo da tarin fitilu tana iya jan rabin amfiya, sai bolt 3 ya salwanta a hanya kafin a iso gare ta. Regiletar da ke cikinta, irin 7805, tana so a ba ta kusan bolt 7 kafin ta fitar da 5 ɗin da ƙwaƙwalwar fedar ke rayuwa a kai. Ashe ko da rana a bakin gaɓa take tsaye.

To me ke tura ta da dare?

Sai da na bi su wurin wasa na gani. A janareta ake, kuma layi ɗaya ke ciyar da fitilun dandamali da amfilifayoyi da kayan jitar. Da aka kunna fitilu, wutar soket ta sauka daga 230 zuwa wajen 195. Adaftar AC taransifoma ce zalla, ba ta daidaita komai, abin da aka ba ta shi take ragewa ta miƙa. A 195, bolt 9 ɗinta ya koma 7.6, wayar kuma ta cire nata kason. Da mai jitar bes ya kai bugu mai nauyi, allon fedar ya yi duhu a gaban idona.

"Ka gani, ɗan samari? Mutum biyu ne suka haɗa kai. Wayar ita kaɗai ba ta kada ta, janaretan shi kaɗai ma haka."

Na haɗa masa sabuwar waya mai mita 6, na sa sili mai kauri a ƙafa ta 6 da ta 7, muka matso da akwatin gefen dandamali. Kayan jitar kuma aka raba su da layin fitilu, aka sa musu sitabilaiza. Awo a cikin fedar, fitilu na ci, bes na bugawa, bai sake sauka ƙasa da bolt 8 ba.