Zaɓen Mota Don Doguwar Tafiya

Idan an gama girbi, samari da yawa daga Gwarzo da Kabo sukan tafi ci-rani kudu. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, sai an kwana a hanya. Saboda haka zaɓen mota ba abin wasa ba ne.

Kowace mota da aikinta. A-kori-kura da kanta na kai buhuna kasuwa ne. Ƙaramar motar haya ta isa ta kai mutum Kabuga daga Gwarzo. Amma doguwar tafiya sai bas mai kujeru, inda mutum zai jingina ya yi barci.

Wasu sukan hau saman tirelar shanu ko ta hatsi don kuɗin ba yawa. To, araha ba ta ado. Babu kujera, babu rufi, ga sanyin hunturu. Mai gyangyaɗi yana iya faɗowa. In tirela ta kife, kaya ne ke danne mutane. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana hana gwama mutane da dabbobi ko kaya.

Matafiyi ya shiga mota a cikin tasha, ba a bakin hanya ba. Ya duba tayoyi da fitilu. In an yi lodi fiye da kima, ya jira wata. Wanda ya iya karatu ya rubuta lambar motar, ya sanar da gida kafin a tashi.