Zauren Bita da Allon Waya

A shekarar 2014 Najeriya ta amince da manufar miƙa wa ma'aikatan lafiya na matakin farko wasu ayyukan ungozoma, domin a ƙananan asibitocin karkara sau da yawa su kaɗai ake tararwa. Nauyi ya ƙaru, dole ilimi ya biyo baya. Hanyoyin isar da shi biyu ne: a kira ma'aikaciya taron bita a birni, ko darasin ya same ta a wayarta.

Bita tana da malama a tsaye. Ma'aikaciya na hura wa jaririn roba iska, malamar ta kama yatsunta ta gyara zaman robar hura iskar a kan hanci da baki har ƙirjin ya ɗaga. Sai dai inda ma'aikaci ɗaya ne, muddin ana bita asibiti a kulle yake. Kuɗin mota da masauki da alawus na lashe kasafi, wanda aka tura kuma ba kullum shi ne mai karɓar haihuwa ba. Hannun da bai maimaita aiki ba, cikin 'yan watanni yake mantawa.

Waya ba ta raba kowa da bakin aikinsa. Manhajar Safe Delivery, wadda gidauniyar Maternity Foundation ta Denmark ta fitar a 2015, kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta neman intanet. Mai jego na zubar da jini da tsakar dare, sai a duba matakan da adadin maganin nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta buɗe dandalin darussa na OpenWHO a 2017. A jihar Bihar ta Indiya kuwa, shirin Mobile Academy ya koyar da murya zalla ta ƙaramar waya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne darussan da masu su suka halatta a kwafa a gyara, irin waɗanda Open University ta Birtaniya ta shirya wa ma'aikatan Habasha, domin ana iya mayar da su Hausa ba tare da roƙon kowa ba.

Amma waya na son caji, kuɗin data daga aljihun ma'aikaciya yake fita, akasarin darussan kuma da Turanci ko Faransanci suke. Mafi muhimmanci, ba ta ganin hannun mai koyo. Gwajin Safe Delivery a Habasha ya nuna ƙwarewar ma'aikata ta ƙaru sosai, amma bai tabbatar da raguwar mutuwar jarirai ba.

A ganina aikin hannu sai a gaban malama za a fara koyonsa, tunatarwa da sababbin ƙa'idoji kuma a bar wa waya. Kuɗin da ake kashewa a bita ta biyu da ta uku gara a sayi sola da jaririn roba ga kowane asibiti, a kuma biya wa gogaggiyar ungozoma kuɗin mai ta riƙa zagayawa tana duba hannun ma'aikata a inda suke aiki.